ƊAGA ƘARFE: SHIN AIKIN MAZA NE KAƊAI?

A shekara ta 2000, a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, aka fara ba mata damar shiga gasar ɗaga ƙarfe a wasannin Olamfik, bayan maza sun shafe shekaru masu yawa suna yi su kaɗai. A wannan karo na farko wata 'yar Nijeriya, Ruth Ogbeifo, ta ciwo lambar azurfa a rukunin masu nauyin kilo 75. Abin da ta ɗaga a salo biyu na gasar ya kama kilo 245 in an haɗa, daidai da na 'yar ƙasar Kolombiya wadda ta ci zinariya. Sai da aka koma ga nauyin jikinsu, bisa dokar wancan lokaci, kafin aka raba gardama.

Duk da wannan abin alfahari, har yanzu idan yarinya ta ce za ta je wurin motsa jiki ta ɗaga ƙarfe, sai ka ji ana ta surutu a gida da unguwa, wani lokaci har a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Wasu su ce za ta koma kamar namiji, wasu su ce za ta rasa mijin aure, wasu kuma su ce haihuwa za ta gagare ta. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba wannan batu a tsanake tare da masu karatunmu.

NAUYIN DA MATA SUKA SABA ƊAUKA

Kafin mu ce ɗaga nauyi baƙon abu ne ga mace, bari mu dubi gidajenmu. Jarkar ruwa mai cin lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma mata da 'yan mata ne suka fi ɗauko ta daga rafi ko rijiya, sau da yawa da goyo a baya. Su ne ke daka a turmi, su ne ke ɗauko itace daga daji. Matan Gbagyi an san su da ɗaukar kaya masu nauyi a kafaɗa zuwa kasuwa. A zamanin haƙar kuza a Filato mata sun yi dakon ƙasa a kwano, yau ma in ka je inda ake zuba dakin a gini za ka same su suna hawa da sauka da kwanon kankare a ka. Ba mu taɓa jin an ce wa ɗayansu ta zama namiji ba. Sandar ƙarfen da mata ke gasa da ita kuwa, kafin a ɗora mata faifai, kilo 15 ce kawai, ta maza kuma kilo 20. Ashe jarkar ruwa ta fi ta nauyi.

To, me ya sa aikin gida bai wadatar ba? Dalili shi ne, aikin wahala yakan dami gaɓa ɗaya kullum, musamman wuya da ƙugu, ba hutu, sau da yawa kuma ba isasshen abinci. Horon ƙarfi kuwa ana yin sa da tsari: a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, a taɓa kowane sashe na jiki, a kuma ba tsoka kwana ɗaya ko biyu ta huta ta ginu. Ga matan birni kuma, injin niƙa da famfo da zaman ofis ko shago sun ɗauke yawancin motsin da iyayensu mata suka saba yi.

ABIN DA LIKITOCI SUKA CE

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye a mako. Ga mata akwai dalili na musamman. Ƙashin mutum yakan kai iyakar ƙwarinsa wajen shekara 30. Idan jinin al'ada ya ɗauke wa mace, sinadarin da ke kare ƙashinta yakan ragu, sai ƙashin ya soma lalacewa da sauri. Masana ciwon ƙashi sun ƙiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da karaya saboda raunin ƙashi, maza kuwa ɗaya cikin biyar. Ƙashi yakan ƙara ƙwari ne idan tsoka tana jan sa da nauyi. Bugu da ƙari, tsoka ce ke shanye yawancin sukarin da ke cikin jini bayan cin abinci, don haka mai tsoka mai ƙarfi ta fi samun kariya daga ciwon suga.

Game da tsoron komawa kamar namiji, sinadarin da ke sa tsokar maza ta kumbura ya ninka na jikin mace fiye da sau goma. Mace mai ɗaga ƙarfe sau biyu ko uku a mako za ta yi ƙarfi, jikinta ya ɗaure, amma ba za ta yi ƙwanjin ɗan dambe ba. Haka kuma horo mai tsari ba ya hana haihuwa. Abin da ke rikita al'adar mace shi ne horo mai tsanani tare da ƙarancin abinci, ko shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi.

MUDU ƊAYA KO MUDU BIYU?

Inda gardama ta fi zafi shi ne wajen awo: shin da mudu ɗaya za a auna mace da namiji? Gaskiya ne cewa a bisa matsakaici namiji ya fi mace ƙarfi, tazarar kuma ta fi yawa a hannu da kafaɗa, ta fi ƙanƙanta a ƙafafu. Wannan ne ya sa ake raba gasa gida biyu, ana kuma raba kowane gida bisa nauyin jiki.

Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sha fama da wannan tambaya. A ƙarshen 2015 aka buɗe wa mata dukan ayyukan fagen daga. Daga baya rundunar ta fito da sabon gwajin ƙarfi mai maki iri ɗaya ga kowa, sai aka ga mata suna faɗuwa da yawa, musamman a wani sashe da ake lilo a jikin sandar ƙarfe ana ɗago gwiwoyi zuwa gwiwar hannu. Majalisar ƙasar ta sa aka sake bincike, a 2022 kuma aka cire wannan sashe, aka koma ba da maki bisa shekaru da jinsi. A 2025 aka sake juyawa: masu aikin fagen daga, mace ko namiji, mudu ɗaya, sauran sojoji kuwa bisa shekaru da jinsi.

Masu son mudu ɗaya suna cewa jakar soja da akwatin harsashi da abokin aiki da ya ji rauni ba sa rage nauyi don mace ce ta ɗauka. Cikinsu har da Kristen Griest, ɗaya daga mata biyun farko da suka gama horon zaratan sojan ƙasar a 2015, wadda ta rubuta a 2021 cewa sassauta wa mata awo zai sa a riƙa raina su. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ba kowane soja ne ke shiga daji ba; akwai likita da akawu da makanike, kuma gwajin da aka gina kan jikin namiji zai kori ƙwararrun mata ba gaira ba dalili. Mu ma batun ya shafe mu, domin tun 2011 Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna ta fara ɗaukar 'yan mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi.

A ganinmu, tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Idan lafiyar mutum ake aunawa, daidai ne a duba shekarunsa da jinsinsa, kamar yadda ba a auna tsoho da mudun saurayi. Idan kuwa aiki ne da ran wani ya rataya a kansa, kamar fito da mutum daga gobara, to aikin ne zai yanka mudu, duk wanda ya cika shi kuma a ba shi, ko mace ko namiji.

'YAN MATANMU DA SUKA NUNA HANYA

Mariam Usman ta zo ta biyar a Olamfik na 2008 a Bejin, amma bayan shekaru aka gano biyu daga waɗanda suka sha gabanta sun yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinsu, ita kuma ta sami tagulla. A wasannin naƙasassu, inda ake kwanciya rigingine a tura ƙarfe sama da hannu, Lucy Ejike ta ci zinariya a 2004 da 2008 da 2016. A Paris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, wato fiye da buhun siminti uku, ta kafa tarihin duniya.

Mu da muke karanta Littafin Karin Magana mun san cewa a sura ta 31, cikin halayen da aka yabi macen kirki da su, har da ƙarfin hannuwanta wajen aiki. Batun sutura kuwa, wanda ke damun iyaye da yawa, yana da sauƙin warwarewa, domin ana iya yin horon nan cikin kaya masu rufe jiki, a tsakar gida ko tare da 'yan'uwa mata.

TA INA ZA A FARA?

Ba sai da kuɗi ba. Tashi daga kujera a koma a zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba, tura bango da hannuwa biyu, ɗaga ƙaramar jarka mai lita 5 a kowane hannu, duk horo ne. A lanƙwasa gwiwa in za a ɗauki abu daga ƙasa, kada a sunkuya da baya, kada kuma a riƙe numfashi. A haɗa da wake, gyaɗa, waken soya, ƙwai, nono ko kifi gwargwadon hali. Mai ciki, da mai hawan jini, da wadda aka yi wa tiyata, su fara ganin likita.

Muna kira ga shugabannin Zumuntar Mata su ware ko da minti ashirin a ranar taronsu don wannan, su kuma gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta nuna musu yadda ake yi. Maza kuma, maimakon dariya, su ba matansu da 'ya'yansu goyon baya, domin uwar da ta kai shekara 70 tana iya tashi da kanta ta je sujada da ƙafarta, dukan gida ne suka ci riba. Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, babu mai fushi da ke.