Ƙafar mota ke tona shekarunta: yadda masu hot rod a Amurka ke zaɓen wili da taya

Duk wanda ya taɓa cin karo da hoton wata tsohuwar Ford a Facebook ko TikTok, babu rufi, babu madigadi, gabanta ya sunkuya bayanta ya ɗaga, to ya ga abin da Amurkawa ke kira hot rod. Mota ce ta shekarun 1920 ko 1930 da aka sauke mata duk wani nauyi, aka ƙara wa injinta ƙarfi. A cikin masu wannan sha'awa akwai rukuni mai tsauri da ke kiran kansu ƴan gargajiya. Su ba su yarda a ɗaura wa mota abin da babu shi a zamanin da ake kwaikwayo ba, kuma babu inda suke saurin kama mai kuskure kamar ƙafafun mota. Inji yana ɓoye a gaba, giya tana ƙarƙashin kujera, amma wili da taya a fili suke. Mutum na iya ɓata shekaru biyar da tarin dala yana haɗa mota, taya huɗu su sa masana su wuce ta ba tare da sun waiwaya ba.

Shi ya sa tambayar farko ga mai haɗa irin wannan mota ita ce: wace shekara yake nufi? Motar 1948 da ta 1962 za su iya zama jiki ɗaya, Ford ta 1932, amma ƙafafunsu sun bambanta kamar yadda ɗinkin riga ke nuna zamanin da aka ɗauki hoto.

Daga busasshen tafki aka faro

Abin ya samo asali a kudancin jihar Kalifoniya. Tun shekarun 1930 samari ke kai tsofaffin motocinsu busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, inda ƙasa ke shimfiɗe sumul, su gwada wanda ya fi gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA domin tsara tseren da auna lokaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da sanin aikin kanikanci, a watan Janairun 1948 kuma mujallar Hot Rod ta fara fitowa, abin ya bazu ƙasar baki ɗaya.

Waɗannan samari ba masu kuɗi ba ne. Abin da ke wurin masu sayar da gwangwan shi suke ɗauka, kuma yawancinsa na Ford ne. Kamfanin ya riƙa rage girman wili kusan kowace shekara biyu: inci 21 a 1928 da 1929, inci 19 a 1930 da 1931, inci 18 a 1932, inci 17 a 1933 da 1934, sai inci 16, wato kusan santimita 41, a 1935. Dukansu masu wayoyi ne irin na keke. Na 1935 shi ne na ƙarshe a wannan salo, shi ne kuma aka fi nema, tare da na kamfanin Kelsey-Hayes mai lanƙwasassun wayoyi. Wanda ke son motarsa ta yi kama da ta kafin yaƙi, a nan zai tsaya.

Daga 1936 zuwa 1939 Ford ta yi wani wili mai faffaɗan rami a tsakiya, notinsa biyar a can kusa da baki. A 1940 ta koma wilin ƙarfe rufaffe mai inci 16, notinsa biyar a da'irar inci biyar da rabi. Wannan shi ne ƙafar hot rod ta bayan yaƙi: a fente shi baƙi ko ja, a sa ɗan ƙaramin murfi a tsakiya da zobe mai walƙiya a baki. Dalilin yaɗuwarsa birki ne. Sai a 1939 Ford ta fara birki mai aiki da mai, kafin nan sanduna da wayoyi ke jan birkin. Duk yaron da ya ƙara wa injinsa gudu sai ya nemi birkin 1940 zuwa 1948, wilin kuma tare da shi yake zuwa.

A nan akwai tarko. Ramukan notin wilin waya na 1935 sun yi daidai da gangar birkin 1940, zai shiga, za a ɗaure shi, a ga kamar komai lafiya. Sai dai cikinsa ba ya samun wurin jingina a kan wannan ganga, nauyi ya koma kan noti, ƙarfen ya fara tsagewa sannu a hankali. Akwai zoben tallafi da ake sakawa a tsakani, kuma wanda ya tsallake shi don ya rage kashe kuɗi yana wasa da ransa ne.

Babba a baya, ƙarami a gaba

Sunkuyon nan da ya zama tambarin hot rod lissafi ne ya haife shi kafin ya zama ado. Canza giyar ƙafar baya yana da tsada, canza taya kuwa abu ne mai sauƙi. Taya mai lamba 6.00-16, wadda Ford ke fitowa da ita, tsayinta kusan inci 28 ne. Mai lamba 7.50-16 tana kai wajen inci 31. Kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da ƙaramar da kusan kashi 10 cikin 100, ke nan motar da ke yin kilomita 100 a awa za ta kai wajen 110 ba tare da injin ya ƙara juyi ba, muddin yana da ƙarfin ja. A gaba kuma sai a sa siririya, 5.00-16 ko 5.50-16, don rage nauyi da tokarar iska. Lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyun girman wili, kuma gefen irin wannan taya dogo ne, ya kusa kai faɗinta. Wannan tsawon gefen shi ne abin da ido ke nema. Tayar zamani mai gajeren gefe da faɗin fuska tana sa tsohuwar mota ta yi kamar dattijo cikin takalmin ƴan ƙwallo.

Direbobin hanyar Agadez sun san lambar 7.50-16 sarai, ita ce a ƙafar Land Cruiser da tsohuwar Land Rover. Amma lamba ce kawai ta zo ɗaya. Ta Land Cruiser an yi ta da kauri domin ɗaukar kaya, in aka sa ta a motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya ba sai ta riƙa tsalle a kan kwalta kamar amalanke.

Maganar farin gefe ma da shekara take tafiya. Lokacin yaƙi, bayan Japan ta mamaye gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya a 1942, Amurka ta taƙaita sayar da taya, ta hana gudun da ya wuce kilomita 56 a awa, aka kuma daina yin taya mai farin gefe. Motocin tafki na shekarun 1940 galibi baƙar taya gare su. Farin gefe mai faɗin inci uku ko fiye na shekarun 1950 ne, musamman a motocin yawo cikin gari. A 1962 kamfanonin motocin Amurka suka koma siririn farin layi na kusan inci ɗaya. Saboda haka wanda ya haɗa faffaɗan fari da wilin ƙarshen shekarun 1960 ya haɗa kaka da jika a aji ɗaya.

A shekarun 1950 inci 15 ya fara ture 16. Haɗin da aka saba gani shi ne 8.20-15 a baya da 5.60-15 a gaba, wadda ita ce lambar tayar Volkswagen ƙirar kunkuru. Daga nan salo ya yi yawa. Ted Halibrand ya yi suna da wilin ƙarfen maganiziyam marar nauyi da motocin tseren Indianapolis ke amfani da shi, amma tsadarsa ta sa ba kasafai ake ganinsa a titi ba. Dean Moon ya fito da faifan alminiyam mai rufe wili gaba ɗaya don iska ta zame. Ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 lokacin wilin ƙarfe ne da aka juya cikinsa waje aka yi masa ruwan kurom, irin wanda ke ƙafar rawayar Ford a fim ɗin American Graffiti na 1973, wanda labarinsa ya faru a 1962. Cragar S/S mai ƙafa biyar ya fito a 1964, kuma nan ne yawancin ƴan gargajiya ke ja layi. Bikin motoci na Billetproof, alal misali, motocin 1964 zuwa baya yake karɓa, kuma ba ya son ganin wilin alminiyam da aka sassaƙa da inji, salon da Boyd Coddington ya yaɗa a shekarun 1980.

Inda gardamar take

Duk abin da ya gabata maganar ido ce. Inda batun ya taɓa rai shi ne saƙar cikin taya. Tayar da, zarenta a gicciye yake, shimfiɗa kan shimfiɗa, daga wannan baki zuwa wancan. Gefe da fuska tamkar abu ɗaya suke, don haka in mota ta shiga kwana fuskar tayar na murɗewa, kamun ƙasa ya ragu. Tana bin duk wani tsagi da ke kan kwalta, sitiyari ya riƙa fizgar hannu. Tana saurin zafi, tana saurin cinyewa, in an yi ruwa kuma sai an ba birki tazara. Idan ta kwana wuri ɗaya cikin sanyi, mai zaren nailan takan yi ɗan lotsawa, mota ta yi ta karkarwa har sai ta ɗumama.

Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, wadda zarenta ke tsallaka taya a miƙe, da ɗamarar ƙarfe ƙarƙashin fuska. Turai ta karɓe ta da wuri, Amurka ba ta rungume ta sosai ba sai a shekarun 1970. Ke nan babu hot rod ta 1948 ko ta 1958 da ta taka radiyal, kuma mai ido na gane ta daga nesa: kafaɗarta a zagaye, cikinta ya ɗan bultso a ƙasa. Tsohuwar kuwa tsaye take cak, kafaɗarta da ƴan tsage-tsage kamar bakin faranti.

Masu tsauri na cewa wanda ke son motar 1948 sai ya tuƙa ta yadda ake tuƙi a 1948, ya rage gudu, ya bar tazara. Masu sassauci na cewa titin yau cike yake da motocin da ke tsayawa nan take, kuma ba tarihi ne zai biya kuɗin asibiti ba. Kowane ɓangare na da hujja, amma abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne inda motar za ta taka. Wadda za a kai tseren yashi irin na The Race of Gentlemen a gaɓar tekun New Jersey, ko na Pendine a yankin Wales, ko yawon ranar Lahadi, tsohuwar saƙa ta dace da ita. Wadda za ta yi ɗaruruwan kilomita a babbar hanya da iyali a ciki, radiyal ta fi mata. Kamfanin Coker Tire na garin Chattanooga a jihar Tennessee, wanda aka kafa a 1958, ya yi kasuwa da ɓangarorin biyu. Ya tattara tsofaffin mazuban ƙarfe da ake gasa taya a ciki, yana fitar da sababbin Firestone da BFGoodrich a siffar da, sannan yana da radiyal da aka yi wa fuskar tsohuwar taya. Daga taku goma da wuya a bambance, ko da yake ƴan gargajiya na rantsuwa su suna ganewa. Abin da masu yin taya ke gargaɗi a kai shi ne gauraya iri biyun a mota ɗaya, balle a gatari ɗaya, domin kowace da yadda take amsa sitiyari.

Tsohon wili ma da nasa sharaɗin. Tayar da ba ta buƙatar tub sai wajen 1955 ta zama ruwan dare a sababbin motocin Amurka. Wilin Ford na shekarun 1930 da 1940 ba shi da ɗan tudun nan da ke riƙe bakin taya in iska ta ragu, mai wayoyi da mai ƙusoshin haɗi kuma suna iya yoyon iska. Tub dole ne, kuma in radiyal ce a nemi tub ɗin da aka yi domin ta. Faɗin wilin inci huɗu ne, in aka cusa masa taya mai faɗi sosai sai fuskarta ta kumbura, tsakiya kaɗai ke taka ƙasa. Kafin fenti kuma a juya shi a ga ko ya karkace, a duba ramukan noti ko sun faɗaɗa, domin ƙarfe ne da ya shekara tamanin.

Wuri ɗaya ne ko mafi tsaurin ƴan gargajiya ke sassautawa: ba a hawa titi da tayar da aka yi a 1950, komai kyan zanenta. Roba na bushewa daga ciki ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Tun shekarar 2000, lambobi huɗun ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya na nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wasu kamfanonin mota na ba da shawarar a canza bayan shekara shida, manyan masu yin taya kuma sun sa iyaka a shekara goma. Wannan lamba tana jikin tayoyin gwanjo da ake jibgewa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, a gefe ɗaya kawai, wani lokaci sai an juya tayar kafin a gan ta.