Wahalar ƙuruciya da lafiyar girma: matsalar fassara tambayoyin ACE a ƙasar Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bayyana abin da likitoci suka gano game da alaƙar da ke tsakanin wahalar da yaro ya sha yana ƙarami da lafiyarsa bayan ya girma, sa'an nan mu duba ko ma'aunin da suka yi amfani da shi zai iya aiki da Hausa a gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram. Fanninmu harshe ne, ba likitanci ba. Amma duk ma'aunin da aka gina bisa tambaya da amsa, ta bakin tafinta yake bi kafin ya isa ƙauye, kuma a nan ne yake gyaruwa ko ya lalace.

2. Abin da aka gano

Tsakanin 1995 da 1997, Vincent Felitti na asibitocin Kaiser Permanente a San Diyego da Robert Anda na cibiyar CDC ta Amurka suka yi wa manya fiye da 17,000 tambayoyi kan abin da ya same su kafin shekara 18, suka gwama amsoshin da takardun lafiyarsu. Rahoton farko ya fito a 1998. Ma'aunin, wanda ake kira ACE (da Faransanci « expériences négatives de l'enfance »), ya tsaya kan abu goma: duka, zagi da wulaƙanci, lalata da yaro, rashin kula da cinsa da suturarsa, rashin nuna masa ƙauna, dukan uwarsa a gabansa, rabuwar iyaye, da zama gida ɗaya da mashayi, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka ɗaure a kurkuku. Kowanne maki ɗaya ne.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suna da maki ɗaya ko fiye, ɗaya cikin takwas kuma yana da huɗu ko fiye. Gwargwadon yawan maki, gwargwadon yawan ciwon zuciya, da na hanta, da na huhu, da baƙin ciki mai tsanani, da yunƙurin kashe kai. A 2009 aka sake bin sawunsu, aka ga cewa cikin waɗanda suka rasu, masu maki shida ko fiye sun riga marasa maki da kusan shekara 20.

Hanyar da abin ke bi ta kasu biyu. Ta farko cikin jiki take: idan tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin sinadarai irin su kwartizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, har hatsarin ya wuce. Yaron da ke da babba mai rarrashinsa, jikinsa yana saurin komawa daidai. Wanda tsoro ya zame wa abin kullum, babu mai rarrashi, jikinsa ba ya hutawa, alhali a waɗannan shekaru ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Ta biyu hanyar ɗabi'a ce: taba, giya da ƙwaya, waɗanda mutum ke neman sauƙi da su. Ya kamata mu ƙara da cewa maki lissafin jama'a ne, ba duba ba ne. Anda da kansa ya yi kashedi a 2020 cewa kada a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi.

3. Abin da ma'aunin bai ƙidaya ba

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Ƙasa ce ta noman hatsi, mai yawan jama'a, a bakin iyakar Najeriya. Babbar wahalar yaro a nan tana da lokacinta: daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke haɗuwa kan yaro guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aiki a Magarya a 2005, shekarar ƙarancin abinci, kuma a Satumban 2018 ta ba da sanarwar cewa kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Bincike-binciken ƙasa na shekarun 2010 sun sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Yunwar farkon rayuwa tana barin tabo. An bi sawun waɗanda ke cikin uwa lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, aka tarar ciwon suga da na zuciya sun fi yawa cikinsu bayan sun manyanta. Duk da haka babu wurin wannan cikin abubuwa goman nan. Ko fasalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa, ACE-IQ, wanda ya ƙara mutuwar iyaye da yaƙi da tashin hankalin unguwa, abin da yake tambaya shi ne ko iyaye sun hana yaro abinci alhali suna da halin ba shi. Ke nan ɗan manomin da gonarsa ba ta yi ba, wanda aka kwantar sau biyu saboda tamowa, yana iya tashi babu maki ko ɗaya.

4. Kalmomi

Mu ɗauki tambayar duka. Ga fassara biyu:

(1) An taɓa dukan ka kana yaro?
(2) An taɓa cin zalinka kana yaro?

Kusan kowa zai amsa (1) da i, domin Hausa na sanya yawancin dukan yaro ƙarƙashin horo, kalmar da ba ta ɗauke da zargi. (2) kuwa kusan kowa zai amsa ta da a'a, domin ɗan halas ba ya kai ƙarar mahaifinsa wurin baƙo. Duka biyun ba su rarrabe kowa da kowa ba. Mafita ita ce a bar sunan laifin, a tambayi aikin: an ji maka rauni, an ɗaure ka, an hana ka abinci da gangan, sau nawa? Ko nan ma sai an kula. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka mari na tafin hannu da mari na ƙarfe da ake sa wa ƙafa kamanninsu ɗaya a takarda, kuma mai karanta tambayar yana iya furta wanda ba shi ake nufi ba.

Tambayar rabuwa da iyaye ta fi wuya. A San Diyego, yaron da ba ya gidan uwarsa, wani abu ne ya ɓaci. A ƙasar Hausa riƙo tsari ne: tun cikin littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954 an nuna yadda ake ba kaka ko goggo ɗa don ƙarfafa zumunci. Yaye ma sau da yawa gidan kaka ake kai yaro. Amma kalmar riƙo ɗaya ce ga ɗan lelen kaka da kuma yarinyar da aka saki uwarta, ta zauna hannun matar uba, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa. Harshen yana da maraya da agola da ƴan uba, waɗanda kowanne ke nuna wani matsayi dabam, ma'aunin kuwa maki ɗaya yake ba su duka. Haka almajiranci: uban da ya ba malami ɗansa aka wuce da shi Damagaram ko Kano ba zai kira wannan rabuwa ba, karatu zai ce, ko da yaron shekararsa bakwai yana bara. Akwai kuma yaran da ake tafiya da su bara ƙasashen waje. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, akasarinsu daga yankin Kance, maƙwabciyar Magarya. Waɗannan da yawa tare da iyayensu mata suke, don haka tambayar rabuwa ba ta ganin su.

Sai batun ƙauna. Uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Idan aka tambayi ɗan fari ko uwarsa ta nuna masa so, amsa ta gaskiya a'a ce, amma mai bincike da ya rubuta sakaci ya yi kuskure, domin al'ada ta riga ta ɗora wannan aiki kan kaka ko wata ƴar'uwa.

5. Tambayar da ta kamata a ƙara

A ganinmu wannan misali na ƙarshe ya nuna inda giɓin yake. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai a 1955. Cikin waɗanda suka taso cikin wahala, kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne samun babba ɗaya, ko da ba mahaifi ba, wanda ya riƙe su da gaske. A Jamaika kuma, daga 1986, an riƙa ziyartar iyayen yara masu tsumburewa mako-mako har shekara biyu, ana koya musu wasa da magana da yaro. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara ke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Wannan sakamako ya shafi Dungas kai tsaye, kuma ya shafi masana harshe, tun da kayan aikin magana ce da waƙa da tatsuniya.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu shirin fita bincike shawara su ajiye tambayar so da ƙauna, su gwada waɗannan:

(3) Wa ya goya ka bayan yaye?
(4) Idan ba ka da lafiya, wa ke kwana da kai?
(5) Idan an buge ka, ɗakin wa kake gudu?

Ba sa sa mai amsa ya zargi kowa, kuma amsarsu suna ce ta dangantaka, inna ko kaka ko yaya, wadda ake iya ƙidayawa. Wanda ya yi shiru a (5), ko ya ce babu, ya ba da amsar da ake nema. Tambayar lalata da yaro kuwa ba ta fassaruwa ta wannan hanya. Tana bukatar mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, a keɓe, kuma kada a yi ta sai an tanadi wurin da za a tura wanda ya ce i.