Ƙwayar barci da masu naƙasar ƙwaƙwalwa

A Tawa da ƙauyukan Adar, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa kan bar yaro da raunin fahimta, wani lokaci har da farfaɗiya. In ya girma yana ihu ko dukan kansa, sai a ruga wajen mai tallar magani a sayo diyazefam.

Kamfanin Roche ne ya fito da shi a 1963 da sunan Valium, daga dangin benzodiyazefin. Aikinsa rage kuzarin ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita ke tsayar da jijjiga da shi cikin gaggawa. Nan yana ceton rai.

Shan kullum ne matsalar. Cikin makonni kaɗan jiki ke sabawa, ga kasala da faɗuwa da sarƙewa wajen haɗiya. Wasu ma faɗa yake ƙara musu. Sau da yawa kuma ihun nan ciwon haƙori ne ko na kunne, wanda bakin yaron ya kasa faɗi; ƙwayar sai ta rufe shi.

Wanda ya riga ya saba, kada a yanke masa kwatsam, jijjiga na iya tasowa. A kai shi babban asibitin Tawa a rage masa sannu a hankali.