Ko Kun Sani? Asalin Gunjin Jitar Lantarki

Gunjin da lasifika ke yi idan an jona jitar lantarki, yawanci daga wutar kanta yake fitowa. Wutar da kamfanin AEDC ke bai wa Keffi tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wayar da aka naɗe a kan maganaɗisun jita kuwa tana tsintar wannan motsi. A Amurka sau 60 ne, shi ya sa gunjin can ya ɗan fi kaifi. Rashin wayar ƙasa da lalatacciyar waya suna ƙara shi. Don gano tushensa, makaɗi yakan cire akwatunan sauya sauti da ake takawa, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya dawo da gunjin, sai a gwada shi da batir.