Dabarar 1968 da har yanzu ke jera bayanai a cikin na'urorin zamani

Duk lokacin da kwamfuta ko wayar salula ta jera sunaye daga A zuwa Z, ko ta tace ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto, akwai aikin da take yi a ɓoye: kwatanta lambobi da jera su daga ƙarami zuwa babba. Manhaja na iya yin wannan aiki, amma tana bi ne ɗaya bayan ɗaya. Idan bayanai na kwararowa da gudu, injiniyoyi kan gina aikin kai tsaye a jikin guntun lantarkin.

Tubalin ginin ƙarami ne. Wayoyi biyu na shigo da lambobi biyu, na'urar kwatantawa ta duba su, ta tura ƙaramar sama, babbar ƙasa. Shi ke nan aikinta. Gwanintar tana wajen jona irin waɗannan na'urori ta yadda ko wane irin lambobi aka zuba a hargitse, za su fito a jere. Kuma da yake hanyar ba ta canzawa, na'urori da yawa na iya aiki lokaci guda.

Ba'amurke Ken Batcher, wanda ke aiki a kamfanin Goodyear Aerospace a lokacin, shi ne ya fito da tsare-tsare biyu na wannan a 1968. Da ɗaya daga cikinsu, lambobi 16 na jeruwa da na'urori 63 a matakai 10. Lambobi 1,024 kuwa matakai 55 kawai suke buƙata, sai dai na'urorin sun haura 24,000. A nan ne matsalar take: kowace na'ura tana cin fili a kan guntun, tana cin wuta, tana ƙara zafi. Shi ya sa masana ke ta ƙoƙarin rage ko da guda ɗaya ce. A 1969 aka samu tsarin da ya jera lambobi 16 da na'urori 60. Sai a 2014 aka tabbatar, da taimakon kwamfuta, cewa lambobi 9 ba za su jeru da ƙasa da na'urori 25 ba.

A 1983 masana lissafi uku, Ajtai, Komlós da Szemerédi, sun kawo tsarin da a takarda ya fi na Batcher saurin ƙarewa idan lambobin sun yi yawa ƙwarai. Amma yawan da ake buƙata kafin fifikon ya bayyana ya wuce abin da za a iya ginawa, don haka ya tsaya a littattafai.

Tsarin Batcher kuwa yana nan yana aiki a katunan hoto na GPU da kuma guntayen FPGA, waɗanda injiniya ke iya sake tsara hanyoyin cikinsu bayan an ƙera su.