Tsawon Rayuwar Ƙwayoyin Maniyyi da Jinsin Abin Haihuwa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba ko lokacin saduwa da yanayin mahaifa suna da hannu wajen zamantowar jariri namiji ko mace. Batun yana da muhimmanci, domin an sha yi wa mace gori, ko kishiya, ko ma saki, saboda 'ya'yanta mata ne zalla.

Tushen Jinsi

Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, biyu daga ciki su ne na jinsi. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, amma ƙwayar maniyyi kan ɗauko X ko Y. In mai X ta riski ƙwan, sai a sami mace. In mai Y ce, namiji. Ashe ke nan daga wajen uba bambancin yake fitowa.

Ra'ayin Shettles

Ƙwayoyin maniyyi kan rayu har kwana 5 a jikin mace, shi kuwa ƙwai ba ya wuce awa 24 bayan fitowarsa. A kan wannan ne Landrum Shettles, wani likitan Amurka, ya gina ra'ayinsa a shekarun 1960. A ganinsa masu Y sun fi sauri amma ba su da juriya, musamman inda tsami ya yi yawa, watau saduwa daf da fitowar ƙwai ta fi kawo namiji.

Sai dai a 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa sun bi diddigin mata 221 a Amurka. Sun gano cewa ciki yana shiga ne a cikin kwana 6 da ke ƙarewa da ranar fitowar ƙwai, amma ba su sami wata alaƙa tsakanin ranar saduwa da jinsin jariri ba.

Tasirin Yanayi

Duk da haka, ba a ce yanayi ba shi da tasiri ko kaɗan ba. A duniya akan haifi maza kamar 105 a kan kowace mata 100. Wannan adadi ya ɗan ƙaru a Ingila bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya kuma ragu a Kobe ta Japan watanni tara bayan girgizar ƙasar 1995. Amma irin wannan sauyi ƙanƙane ne, sai an ƙidaya dubban haihuwa yake bayyana.

Kammalawa

A taƙaice, sanin kwanakin nan shida yana taimakon mai neman haihuwa, amma ba ya zaɓa masa jinsi. Wajibinmu ne mu malamai mu isar da wannan ga ɗalibanmu, domin a daina ɗora wa mace laifin abin da ba ya hannunta, ba ya kuma hannun mijinta.