Kwaikwayon Aukuwa a Kwamfuta: Darasi Daga Gonar Dabino

Dutse ta yi suna wajen dabino, har Cibiyar NIFOR ta kafa tashar bincikensa a can. Manomin Limawa ya san cewa dabino akwai namiji akwai mace, kuma idan kunshin furen mace ya tsage, 'yan kwanaki kawai gare shi ya hau ya sanya mata furen namiji. In ya makara, 'ya'yan ba za su yi albarka ba. To, ma'aikata nawa za su ishi gona mai itatuwa ɗari biyu?

Irin wannan tambaya ce ake amsawa da kwaikwayon aukuwa. Kwamfuta ba ta bin agogo daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tana ajiye jerin abubuwan da za su auku ne, kowane da lokacinsa, ta yi tsalle daga wannan zuwa na gaba: kunshi ya tsage, ma'aikaci ya iso, wa'adin fure ya cika. Geoffrey Gordon na kamfanin IBM ya fito da harshen GPSS don wannan aiki a shekarar 1961.

Sai dai akwai wata matsala. A ce isowar ma'aikaci da cikar wa'adi sun faɗo a lokaci guda. Wanne za a fara lissafawa? Wata manhaja ta ce an yi barbara, wata ta ce fure ya lalace. Gona ɗaya, amsa biyu.

Saboda irin wannan ruɗani, a 1976 Bernard Zeigler ya shimfiɗa ƙa'idar DEVS bisa lissafi. Dole mai tsarawa ya fayyace halayen da abu ke iya kasancewa a ciki, da tsawon zamansa a kowane hali, da sauyin da ke zuwa idan wa'adi ya cika, da wanda saƙo daga waje ke haddasawa, da saƙon da shi kansa ke fitarwa. A 1994 Chow da Zeigler suka ƙara dokar da ke yanke hukunci idan sauyin ciki da na waje suka yi karo.

Amfanin wannan shi ne, ma'anar tsarin ta rabu da na'urar da ke gudanar da shi. Idan mai bincike a Jami'ar Tarayya ta Dutse da takwaransa a Zariya suka ba kwamfutocinsu tsari ɗaya da alƙaluma ɗaya, amsarsu za ta zo ɗaya. In ta saɓa wa abin da aka girbe, sai a koma gona a sake auna kwanakin furen.